Me ya sa dutse ke rugurguje min? Amsa kan sassaƙa kan kibiya da wuƙar dutse

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Mai Wurno, a jihar Sinnar ta Sudan, ya rubuto cewa ya ga bidiyon masu sassaƙa kan kibiya da wuƙa daga dutse da hannu, abin ya shiga ransa. Ya kwaso duwatsu daga gindin Jabal Moya da bakin kogi, ya sa hamar ƙarfe, amma duk wanda ya doka sai ya rugurguje ko ya rabe biyu. Yana son sanin irin dutsen da ya dace, da kayan aiki, da kuma inda matsalar take.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Dutsen da ka ɗauko ba na wannan aikin ba ne, hamar ma haka. Amma ko da an ba ka dutse mafi kyau da kayan aiki na gari, in ba ka san inda ake duka da kusurwar da ake dukan ba, tsakuwa za ka tara. Ƙarfin damtse ba ya cikin lissafin sosai. Yawancin aikin shirya baki ne kafin duka, dukan kansa na ƙiftawar ido ne.

Ka taɓa lura da gilashin taga da ƙaramar tsakuwa ta harba? Ta gefen da ta sauka ɗan rami ne kawai, ta ɗaya gefen kuwa guntu ya fita mai siffar mazurari, bakinsa a buɗe kusan digiri 100. Haka tsagewa ke tafiya a cikin duk dutsen da jikinsa ɗaya ne, marar ƙwayoyi. In ka doki tsakiyar dutse, mazurarin zai nutse ciki ya tsaya, ka raunata dutsen a banza. In ka doki kusa da baki, wani ɓangare na mazurarin ya faɗa waje, sauran sai ya yanko falle siriri. Kuma ka riƙe wannan da kyau: fallen daga fuskar ƙasa yake fita, wadda ba ka gani, ba daga wadda kake duka ba. Sabon hannu yakan zuba ido a sama alhali aikin a ƙasa yake faruwa.

Dutsen Jabal Moya dangin giranit ne, ƙwayoyi ne iri-iri a manne da juna, ana ma ganinsu da ido. Tsagewa tana shiga sai ta bi tsakanin ƙwayoyin ta watse. Yana da kyau a dutsen niƙa, amma ba ya ba da kaifi. Duwatsun Taka na Kassala ma haka suke. Abin da kake nema shi ne ƙanƙarar ƙyastu, wadda Larabawan nan ke kira suwwan, da aƙiƙ, da sauran danginsu masu santsi. Gwajin mai sauƙi ne. Ka riƙe dutsen sako-sako ka ƙwanƙwasa shi da wani: in ya yi ƙara garau, lafiya lau yake, in ya yi dum, akwai tsaga a ciki. Sai ka ɓantari gefe ɗaya ka shafa wurin da yatsa. In ya yi sumul da ɗan sheƙi, ga zobba-zobba suna bazuwa daga inda ka doka, ka samu. In ya yi kaushi yana zubar da gari, ka yar. Dutsen da ya daɗe a fili rana na dukansa dare na sanyaya shi yakan cika da tsagar da ba a gani, gara wanda rabinsa ke binne.

Gaskiya yankinku bai yi sa'ar dutse ba. Daga Sinnar zuwa Jazira baƙar laka ce shimfiɗe, sai tsirarun duwatsun giranit. Masu kyau suna arewa da gabas. Tsakuwar gaɓar Nilu ta arewa da ta kogin Atbara akwai ƙanƙara da aƙiƙ a ciki, sai dai ƙanana ne, yawanci ba su wuce ƙwan kaza ba. A yankin Hudi, gabas da garin Atbara, akwai ƙanƙara mai yawa, amma tana ɗauke da bawon dodon koɗi da ya zama dutse, ramukansa kuma sukan tsayar da falle a tsakiyar tafiya, sai an zaɓa. A Sabaloka, kimanin kilomita 80 arewa da Khartum, akwai dutsen da ake kira rayolait, wanda mutanen Shaheinab na zamanin da suke ɗaukowa su yi gizago da shi. Yana da tauri, ba na koyo ba ne. Baƙin dutsen Gadarif, wato basal, mai laushin ƙwaya kaɗai ke yin aiki, shi ma sai wuyan hannu ya gaya maka. Itacen da ya zama dutse a hamadar arewa yana da kyan gani, amma yakan bi tsohuwar jijiyar itacen ya tsage inda ba ka so. Farin dutsen nan mai ƙyalli, kwaz, yana ko'ina, yana kuma da kaifi, amma ba a iya sanin inda zai fashe. Duk da haka da shi mutanen tsohon mazaunin da Arkell, mai binciken kayan tarihi ɗan Ingila, ya tona kusa da asibitin Khartum a 1944 zuwa 1945 suka yi dubban ƙananan wuƙaƙe masu siffar jinjirin wata. Ƙaramar tsakuwa irin wannan ba a riƙe ta a hannu a doka. A kan faffaɗan dutse ake tsayar da ita, a riƙe da ɗan lanƙwasasshen reshe ko filaya don kare yatsu, a doke ta daga sama ta rabe.

Shawarata ka ajiye maganar dutse tukuna, ka koya da gilashi. Ba kasawa ba ce. Ishi, ɗan asalin Kalifoniya da ya fito cikin Turawa a 1911, wanda masu wannan sha'awa suka koyi abubuwa da yawa daga aikinsa, da gilashin kwalba ya yi da yawa daga kawunan kibiyar da ya bari. 'Yan asalin yankin Kimbali a Ostireliya ma sun yi kawunan mashi da kwalba da tangaran ɗin sandunan wayar tangaraho. Gilashi ba shi da ɓoyayyar tsaga, ba ya son ƙarfi, saboda haka in falle ya lalace ka san daga hannunka ne, ba daga dutse ba. Ka nemi kwalba mai shimfiɗaɗɗen gindi, kaurin milimita 5 zuwa 8. Ka jefa ƙusa mai tsawon santimita 10 zuwa 15 a ciki, ka toshe bakin, ka girgiza sama da ƙasa a kan bokiti, gindin zai fita a zagaye. Guntayen gilashin tebur ko na kanti mai kaurin milimita 6 zuwa 10 sun ma fi, kuma masu yankan gilashi a kasuwa zubarwa suke yi. Fasasshen tangaran na wurin wanke hannu ko tankin bayan gida yana da ɗan tauri kusa da na ƙanƙara, shi ne mataki na biyu. Gilashin gefen mota ba ya yi, an gasa shi ne don ya tarwatse gaba ɗaya, na gaba kuma akwai leda a tsakiyarsa.

Kayan aiki duka ba su cika ƙaramar jaka ba. Hamar ƙarfe ka mayar da ita inda ka ɗauko: ta yi tauri da yawa, ba ta kama baki, niƙe shi take yi. Kana bukatar gudumar dutse biyu ko uku, tsakuwar kogi mulmulalliya marar tsaga, ɗaya kamar ƙwai, ɗaya kamar dunƙulen hannu, daga giram 150 zuwa 600. Dutsen yashi mai ƙarfi ya fi, domin yana ɗan ci ya kama baki. Sai kulki mai taushi na fitar da fallaye masu faɗi da sirantaka. A bidiyo za ka ga ƙaho suke amfani da shi, amma na dabbar dajin Turai da Amurka ne mai rassa, wanda ƙashi ne tsantsa. Ƙahon saniya ko na barewa kogo ne, ba ya da nauyi, kada ka wahalar da kanka. Busasshen itace mai nauyi zai yi maka: babanus, baƙin itacen nan mai tauri, in ka samu, ko zuciyar bagaruwa, ko aduwa, tsawon santimita 25 zuwa 30, kauri 4 zuwa 5, a mulmule bakinsa. Wanda ya fi shi shi ne jan ƙarfe, guntun sanda mai kaurin santimita 2 zuwa 2.5 a cikin mariƙin itace. Wasu suna cika murfin bututun jan ƙarfe da narkakkiyar dalma. Yana aiki, amma narka dalma a cikin gida da yara ba abin wasa ba ne.

Sai madanni, wanda da shi ake gama aiki. Wayar jan ƙarfe ce mai kaurin milimita 4 zuwa 6, irin ta masu haɗa wuta, a huda itace mai tsawon santimita 12 zuwa 15 a cusa ta, a bar santimita 1 zuwa 1.5 a waje. Ka bubbuga bakin wayar da hama ta fuska huɗu kafin ka goge da magagari, bugun yana ƙara mata tauri. Tsinin kada ya zama na allura, kamar bakin fensirin da aka ɗan yi rubutu da shi. Yana dakushewa da wuri, magagarin ya zauna kusa da kai. In ka yi wani mai dogon mariƙi, santimita 40 zuwa 50, da za ka tokare a haƙarƙari ko ƙarƙashin hannu, zai ba ka fallaye masu tsawo ba tare da gajiya ba. Sai magogi, guntun dutsen wasa wuƙa ko fasasshen dutsen injin washi. Sai fata biyu daga wurin dukawa: babba mai kauri ta rufe cinya, ƙarama ta tafin hannu, ninki biyu, a yanke ɗan kwari a ninkin sama domin falle ya sami wurin fita.

Kafin duka na farko, maganar lafiya, kuma ba ta cika baki ba ce. Tabarau mai rufe gefe dole ne, ko da danni ɗaya za ka yi. Takalmi rufaffe, dogon wando mai kauri. Jallabiya tana tara ɓarɓashi a cinya, in ka miƙe ka zube shi inda ba ka sani ba. A waje ake yi, ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ko bishiya, iska na kaɗawa daga bayanka. Ƙurar ƙanƙara siliki ce, tana zama a huhu ba ta fita, ita ke kawo cutar silikosis. Garin Brandon a Ingila ya yi suna da sassaƙa ƙanƙarar bindiga, har Afirka ta Yamma ake kawo ta don bindigogin toka, kuma masu sana'ar da yawa wannan ƙura ce ta kashe su da ƙuruciyarsu, saboda a rufaffun ɗakuna suke aiki. Kada ka hure ƙura da baki, kada ka share ta a bushe. Ka shimfiɗa tamfol ƙarƙashin bambar ɗinka, wato 'yar kujerar da kake zaune a kai, in ka gama ka tattara komai a gwangwani mai murfi. Tsakar gidanmu wurin yara marasa takalmi ne, da kaji masu tsattsagar duk abin da ke ƙyalli, nan kuma ake shimfiɗa tabarmar salla. Ka ware lungu guda. Yankan yatsa kuwa ba makawa, ka ajiye filasta da ruwa mai tsabta. In abu ya shiga ido kada ka murza, ka wanke da ruwa mai yawa ka nufi asibiti.

Yanzu aikin kansa. Wurin da guduma ko madanni ke sauka a baki, mu kira shi mazauni. Sharaɗinsa na farko: kusurwar da ke tsakanin mazauni da fuskar da falle zai fita ta gaza digiri 90. Tsakanin 60 da 80 ne daidai. In ta kai 90 ko ta wuce, ka yi ta duka har magariba, farin tabo kawai za ka bari. Shi ya sa mulmulalliyar tsakuwa ke da wuyar buɗewa, shi ya sa kuma gindin kwalba mai baki a tsaye yake bukatar dabara. Ka nemi wata kusurwa da ta ɗan yi kaifi, ka cire ƙaramin falle, ka juya gilashin, gurbin fallen ya zama mazaunin na gaba, ka cire, ka sake juyawa. Haka za ka zagaye shi har bakin ya zama mai kaifi, a karkace hagu da dama. Gindin kwalba yana da ɗan lanƙwasa, saboda haka ka rage gefunan ta fuskar da ta lotsa, ka kuma rage tsakiya ta fuskar da ta kumbura, ko da abin zai gajarce.

Sharaɗi na biyu shi ne tsayin mazauni. Ka ɗaga abin ka dube shi ta gefe, ka ƙiyasta layi da ya raba kaurinsa biyu. Mazauni ya kasance a kan layin nan ko ƙasa da shi, wato kusa da fuskar da kake son ragewa. In yana sama da layin, fallen zai fito gajere, ko ƙarfin ya ratsa tsakiya ya raba maka aikin biyu. Yadda ake saukar da shi: ka juyo fuskar da kake son ragewa sama, ka ɗebe ƙananan fallaye gajeru daga ɗaya fuskar, bakin zai matso kusa da wadda kake nufi. Sannan ka mayar da ita ƙasa.

Na uku, gogewa. Baki mai kaifi ba ya ɗaukar duka, murƙushewa yake yi kafin ƙarfin ya shiga. Ka goge mazaunin da magogi har ya dakushe ya yi fari-fari, yadda za ka iya jan yatsa a kai bai yanke ka ba. Babban falle na son guga mai yawa, ƙarami kaɗan. In ka wuce gona da iri bakin ya mulmule, guduma za ta riƙa zamewa. A ganina, cikin fallaye goma da suka lalace a hannun mai koyo, mafi yawansu rashin gugar nan ce, don mutum yana ɗokin duka.

Na huɗu, abin da ke ƙarƙashi. Tsakanin gurbin falle biyu akwai ɗan tudu mai tsawo, kamar kunya tsakanin kwari biyu a gona. Tsagewa kunyar take bi. In ka sa mazauni daidai kan bakin kunya, fallen zai yi tsawo ya miƙe. In fuskar a shimfiɗe take, zai bazu ya yi faɗi ya tsaya da wuri. In akwai kwari a gabansa, zai mutu a bakin kwarin. Kafin kowane duka ka juya ka shafa ƙasan da yatsa, ka faɗa wa kanka inda fallen zai bi da inda zai ƙare. Bayan duka ka ɗauki fallen ka mayar da shi gurbinsa ka gani ko zatonka ya yi daidai. Wannan ɗabi'a ta fi kallon bidiyo koyarwa.

Dukan kuma: ka ɗora abin a gefen cinyar hagu a kan fata, bakin da za a doka ya ɗan sunkuya ƙasa, yatsunka na tallafe da fuskar ƙasa ba tare da matsewa ba. Da gudumar dutse, ka sauka milimita 5 zuwa 10 daga baki. Da kulki ko jan ƙarfe, bakin kawai ake shafa, milimita 2 zuwa 3, hannu ya wuce ƙasa kada ya tsaya a kan dutsen. Gwiwar hannu a jikinka, wuyan hannu a sake, nauyin kulkin ne ke aiki. Falle mai kyau yana fita da ƙara tas, ka ji shi ya kwanta a yatsunka.

Ga abubuwan da za su same ka. Falle ya karye a tsakiya ya bar matakala: ƙarfi bai isa ba, ko mazauni ya yi rauni, ko ka fizgi dukan waje. Falle ya lanƙwaso ya fito da ƙarshe mai kauri a mulmule: kusurwa ta yi kusa da 90, ko ba kunya a ƙasa. Duk wanda ya faru, kada ka sake duka a wurin. Falle na biyu zai tsaya daidai inda na farko ya tsaya, na uku ma haka, sai ka gina doro a tsakiya da ba ya ciruwa. Ka zo masa daga ɗaya bakin da falle mai kauri da zai shiga ƙarƙashinsa, ko daga gefe. In falle ya ratsa fuskar duka ya tafi da bakin can, ƙarfi ya yi yawa kuma ka nufi ciki sosai. In dogon abu ya karye a tsakiya alhali gindi ka doka, girgiza ce, ba ka danne tsinin a cinya ba. Matsalar da ta fi yawa kuma ba a lura da ita sai an makara: faɗi na raguwa, kauri na nan. Fallayen ba sa kai tsakiya ke nan. Dole wasu su wuce rabin fuska. Ka riƙa awo: faɗi ya ninka kauri sau 3 ga mai koyo, sau 5 aiki ya yi kyau. Abu mai faɗin santimita 3 kada kaurinsa ya wuce santimita 1 kafin ka ɗauki madanni.

Danni shi ne inda siffa ke fita, kuma gindin kwalba kusan duk aikinsa da madanni ne. Ka kwantar da abin a kan fatar tafin hagu, yatsu su danne shi, bayan hannun a jingine da cikin cinyar hagu. Hannun dama da madanni a jingine da cinyar dama. Ka ɗora tsinin a kan gogaggen baki, ka tura ciki, wajen tsakiyar abin, kana matse cinyoyi har ƙarfin ya taru, sannan ka karya ƙasa zuwa tafin hannu. Ciki tukuna, sannan ƙasa. In ƙasa kaɗai ka danna, ɗan guntu ne zai fita, wanda yake da amfani wajen gyara siffa amma ba ya rage kauri. Ka fara daga gindi ko tsini, ka bar milimita 3 zuwa 4 tsakanin danni da danni, kowane falle ya bi kunyar da na baya ya bari. Ka gama layi, ka goge, ka juya. Kada ka matse tsakiya da ƙarfi a kan fata mai laushi, abin lanƙwashewa zai yi ya karye. Kusa da tsini ka rage ƙarfi, ka riƙa turawa wajen gindi.

Gurbin ɗauri, wato ɗan ramin da ake cirewa kusa da gindi don ɗaure kan a sanda, shi ke karya zuciya, don a nan ake asarar aikin da ya kusa ƙarewa. Ka fara rage gindin ya koma milimita 3 ko ƙasa. Ka sami wata waya ko ƙusa ka daddale bakinta ya yi faɗi siriri kamar na sukudireba. Ka ɗan ciji baki, ka juya, ka cire falle daga cikin cizon, ka juya, kana goge cikin gurbin kowane karo. In gurbi ya mulmule ya ƙi ci, ka bar shi haka, tilasta shi ne ke fille kunnen. Ga mai farawa, kan kibiya mai wutsiya ko mai lotsattsen gindi ya fi sauƙi, kuma irinsu ne suka cika hamadar Sahara. Kaifin ƙarshe da tsini su ne aikin ƙarshe, ba guga.

Dogayen wuƙaƙe hanyarsu daban. A nan abin da ya fita shi ne kaya, uwar dutsen ce saura. Ana kiran falle wuƙa in tsawonsa ya ninka faɗinsa biyu ko fiye. Ka sami dutse kamar dunƙulen hannu, ka fille kansa da duka ɗaya ya ba ka shimfiɗaɗɗen mazauni, gefunan su gangara ciki da kusurwa 70 zuwa 80. Ka nemi kunya mai tsawo daga sama har ƙasa, in babu ka gina ta da ƙananan fallaye hagu da dama. Ka cire ta, za ta bar maka kunya biyu, kowace ta ba da wuƙa. Bayan kowace wuƙa akwai ɗan leɓe da ke rataye a bakin mazauni, ka kankare shi ka goge, in ba haka ba dukan gaba zai murƙushe. Don daidaito, ka matse uwar tsakanin gwiwoyi a cikin fata, ka ɗora guntun jan ƙarfe daidai bayan kunya, ka doki guntun da kulki. Akwai kuma tsohuwar dabara da ta ɗauki sunan Nuba ta arewa, inda ake gyara uwar dutse gaba ɗaya don a fitar da kan mashi mai tsini da duka guda. An sami irinta a Zufar ta Oman da yankin Kharj a Saudiyya. Wannan sai hannu ya faɗa.

In ƙanƙara ko aƙiƙ suka yi maka tauri, ana gasa su. Dabarar ta daɗe, an ga shaidarta a gaɓar Afirka ta Kudu tun aƙalla shekara 72,000 da suka wuce. Fallaye ake gasawa, marasa kaurin da ya wuce santimita 2 zuwa 3, busassu sarai. Ka binne su a busasshen yashi, santimita 5 zuwa 8 a kansu, ka hura gawayi a sama ya ci yini, ka bar shi ya huce da kansa kwana ɗaya ko biyu. Zafin da ake so digiri 200 zuwa 300 ne, ya hau a hankali ya sauka a hankali. Alamar nasara a ciki take: sabon gurbi ya fito da sheƙi kamar an shafa mai, launi kuma yakan ja. In ka ga ƙananan faya-fayai sun ɓalle daga jiki ko tsaga kamar yanar gizo, zafi ya yi yawa ko ya hau da sauri, ka ƙara yashi. Kada ka jefa dutse cikin wuta tsirara, fashewa yake yi ya harba. Gilashi, kwaz da basal ba a gasa su.

Wajen ɗauri kuna da abin da wasu ke saye da tsada, wato ƙaro. Shi kaɗai yana bushewa ya yi ƙwari ya farfashe. Ka jiƙa shi ya yi kauri, ka zuba niƙaƙƙiyar jar ƙasa kamar kashi ɗaya cikin huɗu, da ɗan kakin zuma, ka ɗumama kusa da wuta kana juyawa, kada ya tafasa. Ka tsaga bakin kyauro ko siririyar gora, ka sa haɗin, ka zaunar da kan, ka juya sandar a tafin hannu ka ga ko yana rawa, sannan ka naɗe da jiƙaƙƙiyar jijiya, tana bushewa tana matsewa. Damina na sassauta ƙaro, a rataye shi inda ba laima. Kuma abin ado ne da nazari. Kan gilashi yana tarwatsewa a cikin nama, ba na farauta ko yankan abinci ba ne.

Saura abu guda da ya shafi ƙasar da muke ciki. Jabal Moya da ka je ɗibar dutse wurin tarihi ne, wani Bature mai suna Henry Wellcome ya yi tono a can daga 1910 zuwa 1914, aka fito da ƙasusuwan mutane kusan 3,000. Khor Abu Anga a Omdurman cike yake da gatura na zamanin dutse. Dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta sa irin waɗannan a hannun hukuma. In ka ga dutse da gurabun fallaye a jere amma sun dushe sun yi launi ɗaya da sauran jikinsa, ko gogaggen nan da muke kira gatarin aradu, aikin mutanen da ne. Ka ɗauki hoto ka bar shi inda yake, kada ka mai da shi abin gwaji. Naka ɓarɓashin kuma kada ka zubar a khor, wato kwarin ruwa, ko a daji, bayan 'yan shekaru ba mai iya bambanta shi da na da. Ka haƙa rami mai zurfi a gida ka binne shi tare da murafun kwalba da guntun roba. Abin da ka gama, ka karce shekara a jikinsa ko ka rubuta da tawadar da ba ta gogewa, kuma in ka ba wani ka gaya masa sabo ne. Tun yaƙin da ya ɓarke a 2023 an wawashe kayan tarihi da yawa, har na gidan tarihi na ƙasa a Khartum, saboda haka jaka cike da kawunan kibiya a shingen bincike tana iya jawo maka tambayoyin da ba ka shirya musu ba. Wurin da aka yi faɗa kuma ba wurin tsintar dutse ba ne, akwai abubuwan da ba su fashe ba a ƙasa. In kana son ƙanƙarar Atbara ko ta arewa, ka sa direban babbar mota da ka sani ya ɗebo maka rabin buhu daga tsakuwar gini da ake sayarwa, ka zauna a gida ka zaɓa da gwajin ƙara.